Kada a Yanke Maganin Taɓin Hankali Rana Ɗaya: Bayani ga Mai Sha da Iyalinsa

Ni ne tafintan da kuke tararwa a ofishin kariya. Ni ba likita ba ne. Bayanin da ke ƙasa na tattara shi ne daga zaman da nake yi tsakanin iyalai da ma'aikatan lafiya, inda nake fassara maganar wannan ga wancan. Ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman a gidan da ake da mai shan maganin taɓin hankali.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana

Tun shekarar 2019 da mutanenmu suka fara tsallakowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, akwai waɗanda suka zo da wata lalura da ba a gani a fuska. Wasu sun yi shekaru suna karɓar magani a asibitin Kware ko wani asibitin garinsu, suna noma, suna kasuwa, ba mai sanin suna da wani ciwo. Daren da aka gudu ba wanda ya tsaya neman gwangwanin magani.

Wata dattijuwa ta same mu a ofis, ta kuma yarda in ba da labarinta ba tare da suna ba. Ɗanta ya shekara shida yana shan magani. Kwana huɗu bayan sun baro gida sai ya fara amai da zufa, ba ya barci, ba ya iya zama wuri ɗaya. Suka ɗauka iskar daji ce ta buge shi a hanya. Bayan 'yan makonni abin ya lafa, har suka yi murna cewa ya rabu da magani ya huta. Wata biyu da 'yan kwanaki sai ya fara magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta sun sa masa guba a tuwo. Maƙwabtan suka ce a ɗaure shi.

Ta ce mini, "Ɗana, ni ba abinci na zo nema ba. Ku taimake ni kada a sa masa mari."

Na ce, "Inna, ba mai sa masa mari. Tashi mu je asibiti tare."

Da ma'aikacin lafiya ya gama sauraronta, sai ya ce abubuwa biyu ne suka sami yaron, ɗaya bayan ɗaya. Na farko, wahalar da jiki ke sha idan aka yanke masa maganin da ya saba da shi. Na biyu, dawowar ciwon da ake yi wa maganin. Yau yaron yana nan lafiya, ya koma kan magani kaɗan, yana taya wani mai shago aiki. Waɗannan abubuwa biyu su ne nake so kowane gida ya iya rarrabewa.

Waɗanne magunguna ake nufi?

Magungunan da ake ba wanda yake jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ganin abin da babu, ko mummunan zargi marar dalili, ko ruɗewar tunani da magana. Waɗanda aka fi sani a ƙasashenmu su ne kulofuromazin, wanda mutane da yawa suka sani da Largactil, da halofaridol, wato Haldol, da risfaridon, da olanzafin. Akwai kuma allurar da ake yi bayan makonni, kamar Modecate. Ba sababbin magunguna ba ne: Largactil an fara amfani da shi ga masu taɓin hankali a Faransa tun 1952.

A kula da kyau. Maganin farfaɗiya daban ne, kuma yanke shi kwatsam yana iya jawo faɗuwa mai tsanani da kan kai ga rasa rai. Idan ba ku tabbatar da irin maganin da ɗan uwanku yake sha ba, ku kai kwalin ko takardar asibiti a duba muku.

Me ya sa mutum zai so ya daina?

Wanda ya ce ya gaji da magani ba taurin kai yake yi ba. Magungunan nan suna da nauyi. Suna iya sa yawan barci, kasala, sandarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau, ƙiba, da hawan sukari a jini. Suna iya rikita wa mace al'adarta, su rage wa namiji sha'awa ko ƙarfi. Wanda ya daɗe yana sha wani lokaci bakinsa ko harshensa kan riƙa motsi ba da sonsa ba. Ga kuma maganar mutane: saurayi yana tsoron a hana shi aure, matar aure tana ɓoye ƙwayar kada dangin miji su gani.

Duk waɗannan dalilai ne da ya kamata a saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai shan magani yana da haƙƙin ya faɗi damuwarsa, a yi masa bayani da harshen da yake ji, a kuma yi shawara da shi. Sau da yawa ma ba sai an daina ba: ana iya rage yawan maganin, ko a sauya wani, ko a mayar da shan sa zuwa dare, sai damuwar ta ragu.

Yadda jiki ke sabawa da maganin

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna dofamin da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Magungunan nan suna tare wasu daga cikin ƙofofin da saƙon ke shiga, sai hayaniyar da ke cikin kai ta lafa. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa kan gyara zamanta daidai da wannan tarewa, har takan ƙara yawan ƙofofin.

Wanda ya taɓa ban ruwa a lambu zai gane. Idan ka datse hanyar ruwa, ruwan ya taru a baya, sai ka fasa datsiyar gaba ɗaya, ruwan zai kwashe shukar da ke fangali. Idan ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, ƙasa za ta shanye. Haka ƙwaƙwalwa take. Tana buƙatar watanni kafin ta koma yin aiki ba tare da maganin ba.

Ma'aikatan lafiya kan kwatanta wannan da yaye. Amma mu a al'adarmu rana ɗaya ake yaye yaro, a kai shi gidan kaka ya yi kukansa ya haƙura. Yayen magani ba a yin sa haka.

Alamomin wahalar yaye

Yawanci suna farawa cikin 'yan kwanaki bayan an yanke ƙwaya ko an rage ta da yawa:

- rashin barci, ko munanan mafarkai
- tashin zuciya, amai, gudawa, rashin cin abinci
- zufa, ciwon kai, jiri, bugun zuciya
- fargaba, saurin fushi, kuka ba dalili
- kasa zama wuri ɗaya, mutum ya yi ta kai da kawowa kamar ana tsikarar ƙafafunsa
- motsin baki, harshe, fuska ko yatsu ba da niyya ba

Ga mafi yawan mutane waɗannan alamomi suna raguwa cikin makonni. Ga wasu sukan ja lokaci, musamman wanda ya shekara da shekaru yana sha. Mai karɓar allura shi nasa yana jinkiri, domin allurar tana daɗewa a jiki. Zai iya tsallake ranar allurarsa ya yi wata guda yana jin garau, har iyali su ce ai ya warke, alhali maganin ne bai gama fita ba.

Jin wannan wahala ba ya nufin mutum ya zama ɗan ƙwaya. Ba maye yake nema ba, jikinsa ne ya saba.

Alamomin dawowar ciwo

Ita dawowar ciwo ta fi zuwa a hankali, bayan makonni ko watanni. Mutum ya fara keɓe kansa, ya daina wanka, ya daina zuwa masallaci ko coci ko wurin hira. Ya fara zargin mutanen gida. Ya riƙa dariya ko magana shi kaɗai. Ya ce rediyo ko waya da shi suke magana. Ko kuma ya cika da kuzari, ba barci, ga yawan surutu da rabon kayansa. Wahalar yaye tana sauƙi da tafiyar kwanaki, dawowar ciwo kuwa ƙaruwa take yi.

Kowane mai wannan lalura yana da alamarsa ta farko, kuma mutanen gida sun fi kowa saninta. Wani da rashin barci yake farawa, wata da ƙin cin abincin da ba ita ta dafa ba. Ku tuna yadda ya fara wancan karon, ku gaya wa ma'aikacin lafiya.

Wani lokaci abubuwan biyu sukan haɗu, har likita ma sai ya bi a hankali kafin ya rarrabe. Saboda haka kada ku zauna gida kuna gardamar wanne ne. Dare biyu a jere ba barci ya isa dalilin zuwa asibiti.

Gaskiyar haɗarin da ke ciki

Ba za mu ɓoye muku ba: daina magani yana ƙara yiwuwar ciwon ya dawo. A 2012 masana sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje 65 da aka yi a kan mutane sama da 6,000. Cikin shekara guda, ciwon ya dawo wa kimanin 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, da kimanin 64 cikin 100 na waɗanda aka cire wa. A 2023 kuma an fitar da sakamakon wani gwaji a Ingila a kan mutum 253 da ciwon ya taɓa tasar musu fiye da sau ɗaya ko ya daɗe tare da su. An riƙa rage wa rabinsu magani sannu a hankali. Cikin shekara biyu, kimanin mutum 1 cikin 4 na waɗanda aka rage wa ciwon ya dawo masa da tsanani, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin 1 cikin 8.

Wannan ya nuna abu biyu. Akwai waɗanda suka rage ko suka daina suka zauna lafiya. Akwai kuma waɗanda ko an bi a hankali ciwon yana dawo musu. Ba wanda zai iya duban mutum ya ce ga rukunin da zai faɗa. Wasu za su riƙa shan magani shekaru masu yawa, kamar mai hawan jini ko ciwon sukari, kuma ba abin kunya ba ne.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce wanda ciwon ya same shi karon farko ya ci gaba da magani aƙalla wata 7 zuwa 12 bayan alamomin sun ɓace gaba ɗaya. Wanda ya daɗe da ciwon kuma ya yi shekaru lafiya lau, ana iya duba yiwuwar rage masa, bayan an auna haɗarin, an ji ra'ayinsa, an yi shawara da iyalinsa, kuma ƙarƙashin kulawar masanin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Lokacin da bai dace a fara ragewa ba

Zaman gudun hijira kansa nauyi ne ga ƙwaƙwalwa. Ma'aikacin lafiya zai iya cewa a dakata idan:

- kun iso ba da daɗewa ba, hankali bai kwanta ba
- ana shirin mayar da ku wani matsuguni, ko kuna shirin komawa gida
- an yi rasuwa, ko saki, ko wani tashin hankali a gidan
- mace tana da ciki ko ta haihu kwanan nan
- mutumin yana zaune shi kaɗai, ba mai lura da shi
- yana shan wiwi, taramol, sholisho ko giya
- ya taɓa yunƙurin kashe kansa ko ji wa wani ciwo lokacin da ciwon ya tashi

Game da mai ciki, kada ta yanke magani da kanta don tsoron abin da ke cikinta. Makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne da ciwon ya fi saurin dawowa, kuma jariri yana buƙatar uwa mai hankalinta. Ta gaya wa ungozomar asibiti tun awon farko, a tsara mata abin da ya dace.

Game da azumi, mutane da yawa sukan ajiye magani idan watan Ramalana ya kama. Ku je asibiti tun cikin Sha'aban. Sau da yawa ana iya mayar da lokacin sha zuwa bayan buɗa-baki ko sahur. Idan ba zai yiwu ba, ku tambayi malamanku game da rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya.

Yadda ake ragewa idan an amince

Sannu ba ta hana zuwa. Ga wanda ya daɗe yana sha, ragewar takan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu ko fiye. Ana rage kaɗan, a tsaya a ga yadda jiki ya karɓa, sannan a sake ragewa. Wasu masana sun ba da shawarar a riƙa cire kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutum yake sha a lokacin, a bar wata 3 zuwa 6 tsakanin ragi da ragi. Misali, daga 100 a koma 75, daga 75 a koma wajen 56, daga nan wajen 42. Kun ga duk lokacin da aka yi ƙasa, abin da ake cirewa yana ƙara ƙanƙancewa. Dalili shi ne ɗan ƙaramin maganin da ya rage a ƙarshe yana yin aiki fiye da yadda girmansa ya nuna, don haka matakan ƙarshe sun fi wuya. Wannan lissafi misali ne kawai don ku fahimta. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin kowane mutum, gwargwadon irin maganinsa da girman ƙwayar da ke akwai.

Ga ƙa'idojin da ake so a kiyaye:

1. Kada a rage ko a ƙara ba tare da sanin asibiti ba.
2. Kada a riƙa sha yau a tsallake gobe, sai idan likita ne ya tsara haka.
3. Idan magunguna biyu ko uku ake sha, ɗaya bayan ɗaya ake taɓawa. Har Artane, wanda ake bayarwa don sandarewar jiki, ba a yanke shi rana ɗaya.
4. Idan wahala ta yi yawa bayan ragi, a koma asibiti. Sau da yawa akan mayar da mutum matakin da ya baro, ya huta, sannan a sake gwadawa da ƙaramin ragi. Komawa baya ba faɗuwa ba ce.
5. Bayan an daina gaba ɗaya, a ci gaba da zuwa asibiti ana dubawa, domin ciwon yana iya dawowa bayan watanni.

Idan maganin ya riga ya yanke

Wannan shi ne halin da da yawa daga cikinmu suka sami kansu. Idan ɗan uwanku ya baro maganinsa a gida, ko ya ƙare a hanya, ku kai shi asibitin matsuguni ko da yana jin lafiya. Ku tafi da tsohon kwali, katin asibiti, ko hoton maganin a waya. Idan babu ko ɗaya, ku faɗi launin ƙwayar, sau nawa ake sha a rana, shekara nawa ana sha, da ranar da aka sha na ƙarshe.

Wanda ya yi makonni bai sha ba, kada ya koma kan yawan da yake sha a da kai tsaye. Jikinsa ya fara mantawa, zai iya faɗuwa saboda jiri ko jikinsa ya sandare. Da kaɗan ake sake farawa.

Kada ku sayi ƙwaya a tire ko hannun masu yawo da magani a kasuwa. Rana ta gasa ta, ba ku san ƙarfinta ba, wata ma jabu ce. Kada kuma ku ari ta maƙwabci don launinsu ɗaya. Mai shan magani ya riƙa komawa karɓa tun saura na mako guda a hannunsa. Idan an je an tarar maganin ya yanke a asibiti, a tambayi ma'aikacin abin da za a yi kafin ya iso, sannan a sanar da mu a ofishin kariya don mu bi sawu.

Abin da zai rage wahalar a gida

Barci shi ne kan gaba. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kullum. A bar shayi mai kauri, kofi da goro daga la'asar. A rage barcin rana. Mun san ɗaki ɗaya ne ga mutane da yawa, amma a yi ƙoƙari a ba shi gefen da ya fi shiru, a rage ƙarar rediyo da waya da dare.

Idan akwai tashin zuciya, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, koko, fura mai tsabta, tuwo mai laushi. Idan ana amai ko gudawa, a karɓo gishirin haɗa ruwa a asibiti. A sha ruwa sosai, musamman a bazara, domin magungunan nan suna rage wa jiki iya jure zafi. Mai shan Largactil ya guji tsayuwa cikin rana, fatarsa tana saurin ƙonewa. Idan layin rabon abinci ya yi tsawo, wani ya tsaya masa.

Wanda ƙafafunsa suka hana shi zama, kada a tilasta masa zama. A raka shi ya taka da safe da yamma. A gaya wa asibiti, domin wannan rashin natsuwa yana da tsanani ƙwarai ga mai jin sa, kuma akwai abin da ake iya yi a kai.

A bar shi da ɗan aikin da ya saba: ɗebo ruwa, kiwo, saƙa, ɗinki, shara. Zaman banza yana ƙara tunani. A guji yi masa faɗa, gori, ko taruwa a kansa. Idan ya faɗi abin da ba haka yake ba, kada a yi masa dariya, kada kuma a tsaya musu. A ce masa, "Na ga abin nan yana damunka, ina tare da kai."

A zaɓi mutum ɗaya da ya yarda da shi, uwa ko mata ko miji ko wa ko aboki, wanda zai riƙa raka shi asibiti. Tun yana cikin natsuwa su yi yarjejeniya: "Idan ka ga na fara kaza da kaza, ka kai ni asibiti ko da na ƙi." A riƙa yin alama a takarda kowace safiya, ko an yi barci ko ba a yi ba. Wanda bai iya rubutu ba ya ja layi don daren da aka yi barci, ya yi zagaye don daren da ba a yi ba. Wannan takarda tana taimakon ma'aikacin lafiya ƙwarai.

Addu'a da karatu suna kwantar da zuciya, ba wanda ya hana. A yi su tare da magani. Abin da muke roƙo shi ne kada a ce sai an ajiye maganin asibiti kafin a yi addu'a. Jiƙe-jiƙe da turaren da ba a san abin da ke ciki ba, a nuna wa ma'aikacin lafiya kafin a ba shi. Wiwi, taramol, sholisho da giya suna iya tayar da ciwon ko da ana kan magani, balle lokacin da ake ragewa.

Mai jinya ma mutum ne. Uwar da ta kwana uku tana gadin ɗanta ita ma za ta faɗi. Ku riƙa karɓar juna.

A garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan:

- yana maganar mutuwa, ko kashe kansa, ko muryoyi suna umartarsa ya ji wa kansa ko wani ciwo
- ya ƙi ci da sha kwana guda cur
- zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki, zufa da ruɗewa. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a zauna gida, a gaya wa asibiti irin maganin da yake sha
- wuyansa ya murɗe, idanunsa suka kafe sama, ko harshensa ya fito ya kasa mayarwa. Wannan ba aljanu ba ne, maganin ne, kuma allura tana warware shi cikin ɗan lokaci
- ya faɗi yana jijjiga, ko ya kasa gane mutanen gida
- mai jego ta daina barci, tana tsoron jaririnta ko tana faɗin abin da ba a gane ba

Kafin a isa, a kawar da wuƙa, igiya, maganin ƙwari da sauran ƙwayoyi daga kusa da shi. Kada a bar shi shi kaɗai. Mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa, sauran su ja baya.

Haƙƙin mai wannan lalura

Nan ne aikin ofishinmu ya shigo. Mai taɓin hankali ɗan gudun hijira ne kamar kowa, da haƙƙinsa cikakke. Ba a yarda a sa masa mari ko sarƙa ba, ko a doke shi, ko a kulle shi, ko a hana shi abinci. Ɗauri yana jawo gyambo da karaya, yana kuma ƙara masa tsoron mutanen da ya kamata ya dogara da su. Mun san mafi yawan masu ɗaurewa ba mugunta ce ta sa su ba, rasa yadda za su yi ne. Ku zo ku faɗa mana tun kafin a kai ga haka. Ba kama ku za mu yi ba, hanya za mu nema tare.

Zuwa asibiti don lafiyar ƙwaƙwalwa ba ya soke rajistar kowa, ba ya taɓa katin abinci. Abin da kuka faɗa a asibiti ko a ofishinmu sirri ne. Mu tafintoci ma an ɗora mana wannan amana, ba mu da izinin kai maganarku unguwa. Mace tana iya neman a haɗa ta da ma'aikaciya mace. Mata da 'yan mata masu wannan lalura sun fi shiga haɗarin cin zarafi, don haka duk wanda ya ga ana cutar da ɗaya daga cikinsu ya sanar da mu.

Idan za ku bar matsugunin nan, ko zuwa wani wuri ko komawa gida, ku je asibiti tun da sauran kwanaki. Ku nemi takarda mai ɗauke da sunan maganin da yawansa da ranar allura ta gaba, da guzurin maganin da zai kai ku. Ku ajiye takardar tare da takardunku na rajista, cikin leda, a inda hannu zai kai gare ta ko da cikin duhu ne. Dattijuwar da na ba ku labarinta yanzu a cikin lalitarta take ajiye ta ɗanta.

Mai tambaya ya same mu a ofishin kariya a ranakun aiki, ko ya gaya wa mai wayar da kai na unguwarsu ya kawo mana saƙo. Wanda ba ya jin Faransanci kada ya ji nauyin zuwa asibiti, zan raka shi in fassara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya mayar da mu gidajenmu cikin aminci.